Gyaran da Baffana Ya Jira a Shafi na Biyu

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da tarewa a gidan mijina a unguwar Ka'akiyya ta Makka ba, mahaifina ya zo Umra karo na farko a rayuwarsa. Ya haura saba'in a lokacin. Duk wanda ya san shi ya yi mamakin wannan daɗewa, domin mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga sunayen alhazan garinmu a jarida, masu tafiya da masu dawowa, shi kuwa ko rakiya bai cika yi ba. In an tsokane shi sai ya ce, "In na tafi, wa zai rubuta cewa na tafi?" A yi dariya a wuce. Mu 'yan gida mun san ainihin dalilin, kuma dalilin yana zaune a unguwar Mansur a nan Makka yana sayar da kuka da daddawa.

Garinmu a bakin iyaka yake, irin garin da za ka yi sallar Azahar a ƙasa ɗaya ka je sayen goro a wata. Mahaifina ne ya kafa jarida ta farko a can, 'yar ƙarama mai shafi huɗu, tana fitowa ranar kasuwa. Shi ne edita, shi ne mai ɗauko labari, shi ne mai shan zagi in labarin bai yi wa wani daɗi ba. Injin bugawa a zaurenmu yake, tsoho, da hannu ake juya shi. Mahaifiyata da mu yara mu ne masu ninkewa, ba albashi ba godiya. Na girma ina zaton kowane tuwo a duniya yana ɗan warin tawada. Abin da ke cikin jaridar bai wuce farashin shanu, raƙumin da ya ɓata, da ranar da aka rufe iyaka ko aka buɗe ba, amma ana sayenta da naira a wannan gefe, da sefa a wancan. Daga baya ya rubuta littattafai, na tarihin garin da na labaran fatake, har aka riƙa zuwa daga nesa ana yi masa tambayoyi.

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa wani ɗan akwati ne a ƙasan shafi na biyu, mai suna Gyara. Duk kuskuren da jaridar ta yi, komai ƙanƙantarsa, a nan yake amsa shi a fitowa ta gaba. Ya taɓa buga cewa dabbar da aka sace a unguwar mahauta akuya ce, ba bunsuru ba kamar yadda aka faɗa. Mutanen gari suka yi wata guda suna yi masa dariya, shi ko a jikinsa. Kuskure ɗaya ne bai taɓa shiga akwatin nan ba, kuma shi ne mafi girma.

Tun kafin a haife ni, yayansa, wato baffana, ya tafi aikin Hajji ya bar amarya a gida. Alhazai suka dawo ban da shi, kowa ya ce a cunkoson Mina suka rabu. Aka yi ta cigiya shiru. Bayan kusan shekara, sai wani dattijo haifaffen Makka ya ratso ta garinmu zai tsallaka iyaka, ya ce yana da saƙo ga mai jarida. A tasha suka haɗu, motarsa na shirin tashi. Saƙon baffana shi ne ya jawara. A Hausar mutanen Makka, in an ce mutum ya jawara, ana nufin ya yanke shawarar zama a garin, ya zama maƙwabcin Ɗakin Allah. Dattijon ya ga mai ilimi a gabansa, sai ya so ya ƙawata maganar, ya ce, "Ɗan'uwanka ai ya koma maƙwabtakar Allah."

Mahaifina kuwa Larabcinsa na littafi ne, kuma a littafi wanda ya koma maƙwabtakar Ubangijinsa ya rasu ke nan. Ya dafe mota ya yi salati. Dattijon ya ɗauka zafin rabuwa ne, sai ya shiga rarrashinsa. "Haba malam, ai ya dace. Mutum nawa ke roƙon irin wannan ba su samu ba?" Direba ya danna ham, dattijon ya tafi da sauran saƙon a baki, wato cewa baffana yana tara guzuri zai aiko a kai masa matarsa.

Ranar kasuwa ta'aziyya ta fito a shafin farko, mahaifina da kansa ya rubuta yana kuka. Aka yi zaman makoki, amarya ta yi takaba ta fita, daga baya ta yi aure. Sai da ta haihu wasu alhazai suka dawo da labarin sun ga mamacin da idonsu, har ya sayar musu da yaji. Dattawa da malamai suka taru a asirce. Daga baya baffana ya aiko da saki ta bakin wasu alhazai, aka gyara abin da za a iya gyarawa, aka kuma ce wa mahaifina kada ya kuskura ya buga komai, saboda matar da jaririnta. Ya bi umarni. Tun daga nan shi da yayansa ba su sake magana ba, ko a waya da waya ta zo.

Da aure ya kawo ni Makka, baffana ne dangina na jini kaɗai a garin. Ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya auri wata Bahaushiya 'yar gidan da suka zo ta Sudan, 'ya'yansa duk sun girma, Hausarsu ta gaisuwa ce kawai sai a koma Larabci. In na je shagonsa ba ya karɓar kuɗina, yana ta "ya binti, 'yata, ƙara wannan, ɗauki wancan." Zai tambayi mahaifiyata, ya tambayi rijiyar ƙofar gida ko tana nan, har tsamiyar bakin kasuwa yana tambaya. Mahaifina kuwa bai taɓa kiransa ƙanensa a gabana ba. Sai dai ya ce, "Mai jarida yana lafiya?" In na ce lafiya lau, sai ya ce madalla ya shiga auna kuɓewa.

To ga mai jarida ya zo gidana. Ni a raina na riga na gama shirya komai, na naɗa kaina sarauniyar sulhu. Na ɗauka in na haɗa tsofaffin nan biyu a kan tabarma ɗaya da kwanon funkaso a tsakiya, shi ke nan, za a rungume juna a yi kuka, ni kuma in samu lada da suna. Ƙuruciya ke nan.

Mahaifina ya gama Umrarsa lafiya, sai uzuri ya fara. Yau gwiwa, gobe zafin rana, jibi yana son ya ƙara ɗawafi. Mutumin da gwiwa ta hana zuwa Mansur, shi ne yake yawo a unguwar Jarwal yana karanta allunan da aka rubuta wa alhazai da Hausa, yana dawowa yana min ƙorafin an rubuta "kofa" ba lanƙwasa. Da na ga kwanakinsa sun kusa ƙarewa, na same shi bayan sallar La'asar na tsaya a kansa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana, kuma ranar na yi amfani da matsayin.

"Baba, tashi mu tafi."

"Uwata, in ya kore ni fa?"

"Sai mu dawo. Ai da mota za mu."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Mutumin da ya sha kwana a ofishin hukuma saboda labarin da ya buga, ga shi yana ta gyara hula.

Mansur da yamma kowa ya san yadda take, ƙamshin tsire da hayaniya, Hausa da Larabci suna cakuɗe a bakin mutum ɗaya. Baffana yana kan kujerarsa a ƙofar shago. Ya gan mu tun daga nesa, na san ya gan mu, don ya daina jan carbi. Kamarsu ɗaya da mahaifina har abin ya ba ni tsoro, hanci ɗaya, zaman kafaɗa ɗaya. Muka yi sallama ya amsa, ya dube ni ya yi murmushi, sannan ya dubi mahaifina kamar yadda yake duban kowane baƙo.

"Marhaba. Me za a ba alhaji?"

"Yaya," in ji mahaifina.

"Yayanka ai ya rasu. A jarida na gani."

Na yi sauri na buɗe kwanon funkaso, kamar wadda aka ce ta kashe gobara da cokali. Ba wanda ya dubi inda nake. Mahaifina ya fara bayani, dattijon tasha, kalmar da ya fahimta a karkace, umarnin dattawa. Baffana ya ɗaga hannu.

"Halas, duk na san wannan. Kuskuren tasha ban taɓa riƙe ka da shi ba, ni ma da na aiko mai Hausar kirki da ba a yi haka ba. Shirun da ka yi saboda yarinyar nan da ɗanta, shi ma na gane, ni ma da haka zan ce a yi. Amma yaron nan ya girma ya yi aure. Uwarsa Allah ya yi mata rasuwa tuntuni. Wa kake karewa bayan nan?"

Mahaifina ya sunkuyar da kai.

"Akuya ce ba bunsuru ba," in ji baffana.

Mahaifina ya ɗago kai da sauri. Baffana ya ce ai alhazan garinmu da jaridar suke naɗo kayansu, kilishi, daddawa, barkono, duk abin da suka kawo masa sayarwa ko tsaraba. Shi da ya bar gida karatun allo kawai gare shi. A kan takardun nan masu maiƙo ya koyi karatun boko, wani ɗan Kano mai gyaran agogo yana nuna masa baƙaƙe. Duk shekara in kaya suka zo, sai ya warware takardar, ya shimfiɗa ta a gwiwa ya goge, ya nemi shafi na biyu.

"Na ga an gyara sunan mai unguwa. Na ga an gyara kuɗin buhun gero. Akuya ma ta samu haƙƙinta, wallahi na taya ta murna. Na ce to, bana akuya, baɗi ni."

Ya faɗi haka yana ɗan murmushi, kuma murmushin ya fi min kuka ciwo. Mahaifina ya ce a hankali, "Yaya, jaridar ta mutu. Shekara da shekaru ke nan, injin ma an sayar."

"Tayyib. Ni da ita mun zama ɗaya ke nan." Ya juya ya kira wani mai sayen zoɓo da ke jira.

Haka muka dawo, ni da funkasona ko ɗaya ba a taɓa ba. Na ji haushin baffana, na ji haushin mahaifina, na fi jin haushin kaina da na jawo tsoho ya sha kunya a bakin titi. Da muka isa gida ya ce min abu ɗaya kawai. Ya ce ranar da dattawa suka hana shi bugawa, ya yi baƙin ciki a fuska, amma can cikin ransa sanyi ya ji, don an ɗauke masa abin da ba zai iya ba. Ya ce wannan sanyin ne bai taɓa yafe wa kansa ba.

Washegari da hantsi na nemi mahaifina a gida na rasa. Sai kusan Azahar ya dawo, gumi sharkaf, da 'yar takarda a hannu. Ashe tasi ya hau shi kaɗai ya koma Mansur, ya bi masu kayan miya da masu nama yana tambayar farashi, ya kauce wa layin yayansa. Ya ce in ɗauko kwamfutar mijina, za a fitar da jarida.

Ranar na gane abin da mahaifiyata ta sha. Yana tsaye a kaina yana faɗa ina bugawa, duk ƙa da ɗa da na bari ba lanƙwasa sai ya buga tsaki. Sunan jaridar a sama yadda yake a da. Shafin farko farashin kuka da kuɓewa a Mansur, da labarin wani ɗan Agadas da takalminsa ya ɓata a ƙofar Harami ya koma masauki da na wani. Na ce, "Baba, wannan duk na mene ne? A sa gyaran a shafin farko mana, da manyan baƙaƙe. Ai ta'aziyyar ma a shafin farko ta fito."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "A shafi na biyu yake nema, Uwata."

Mijina ya kai aka buga mana 'yan kwafi a shagon hoto na unguwa. Mahaifina ya ninke su da kansa. Sannan ya buɗe jakarsa ya ɗauko kilishin da ya zo da shi daga gida, wanda ya hana kowa taɓawa tun zuwansa, ya naɗe shi da kwafi ɗaya ya ɗaure da zare. Sai da maiƙo ya fara fitowa a takardar ya ce mu tafi.

Wannan karon ban ɗauki kwano ba, kuma na kama bakina. Mahaifina ya yi sallama ya ajiye ƙunshin a kan teburin shago ya ce tsaraba ce daga gida. Baffana ya dubi ƙunshin ya daɗe. Ya kwance zaren, ya juye kilishin a faranti ko kallonsa bai yi ba, ya shimfiɗa takardar a gwiwa ya goge ta da tafin hannu. Shafin farko ko tsayawa bai yi a kai ba. Ya buɗe, ya sa yatsa a ƙasa, ya karanta a fili, kalma kalma, irin karatun wanda ya koya da girma.

"Gyara. A wata fitowa ta baya mun buga cewa yayan editan wannan jarida ya rasu a Makka. Bai rasu ba. Yana Mansur da ransa da lafiyarsa, yana sayar da kuka da daddawa. Kuskuren na edita ne, jinkirin ma nasa ne."

Ya kai ƙarshe ya sake komawa farko, wannan karon a zuci. Maƙwabcinsa mai tsire ya leƙo yana tambayar lafiya, ba wanda ya kula shi. Can baffana ya share fuska da gefen rawaninsa ya ce, "Ka manta yaji. Yajina ya fi kukar fita."

"Za a gyara a fitowa ta gaba," in ji mahaifina.

Baffana ya yi wata dariya da ta rikiɗe ta zama kuka, ya jawo kujerar da ke gefensa da ƙafa. "Zauna, ƙanena. Tsayuwar me kake yi kamar baƙo?" Ni dai na juya ina karanta farashin man gyaɗa a jikin galan, don hawaye sun hana ni ganin komai. Aka kawo shayi. Suka zauna har aka kira Magariba, suna lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage, suna musu a kan wace shekara ce rijiya ta ƙafe. Da za mu tashi baffana ya riƙe hannunsa ya ce, "Waccan ta'aziyyar kada ka yar da ita. Ta yi kyau, na ji daɗinta. In lokaci ya yi kwanan wata kawai za ka canza."

Kwana biyu bayan nan mahaifina ya koma gida. Daga nan kusan kullum suna waya, yawanci musu ne. Takardar mai maiƙo kuwa baffana ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a shago, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa shaidar cewa yana raye.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin labarin da ya ƙare da daɗi, har ina ɗan saka kaina a tsakiya. Yanzu da na ƙara shekaru ba haka nake jinsa ba. Kalma ɗaya ce ta raba su, gaskiya ne, amma kalmar ba ta ci shekara uku ba aka gane ta. Sauran shekarun duk kunya ce ta ci su, da jiran wa zai fara. Mahaifina yakan amsa ƙananan kurakurai da sauri har ana yi masa dariya, kuma ina zargin wannan saurin ne ya sa ya riƙa jin kamar ya biya babban. Ni ma na ga halin nan a jikina. Ina saurin ba da haƙuri in na taka ƙafar mutum a ɗawafi, amma akwai waɗanda na fi shekara ina cewa gobe zan kira su.

Baffana ya rasu bayan 'yan shekaru, rasuwa ta gaske. Aka yi masa salla a Harami tare da wasu mamatan, ba a ambaci sunan kowa ba, kamar yadda ake yi. Ni na kira mahaifina na faɗa masa. Ya ce, "Wa ya gan shi?" Na ce mijina yana wurin wanka. Ya ce in ba shi wayar. Sai da mijina ya ce da hannunsa ya taya sa shi a likkafani, sannan na ji salatin mahaifina daga nesa.

Bayan kwana uku ya kira ni. Ya ce ya ɗauko tsohuwar ta'aziyyar zai canza kwanan wata kamar yadda aka umarce shi, ya karanta ta ya fi a ƙirga. Ya ce ta wani saurayi ce mai son kokawa da dariya, wanda ya bar amarya a gida. Ba ruwanta da dattijon da ya koyi boko a kan takardar kilishi, ya aurar da 'ya'ya, ya yi jikokin da ba sa jin Hausa. Ya ce wancan ya sani, wannan kuwa yini ɗaya ya zauna da shi.

Na ji yana gyara zama, na ji ƙarar takarda.

"Uwata, ke kin fi ni saninsa. Ga biro a hannuna. Ba ni labarin yayana."